Totuwa a Bakin Mai Tari

Ku 'ya'yana da jikokina, na san sunan da ake kirana da shi a bayan idona, kuma na ga yanzu ko a gaban idon ma an daina jin nauyi. Na-Rake. Ran nan Hajara ta dawo daga makaranta da hijabi a yage, wai ta kama wata yarinya da kokawa don ta ce mata jikar Na-Rake. Na yi mata faɗa a gaban uwarta, da uwar ta juya baya na miƙa mata ƙosai. Amma abin ya tsaya mini a rai, domin na lura ku kanku ba ku san asalin sunan ba. Wasu sun gaya muku sayar da bindigar kakanku na yi na ci tsire. Wasu sun ce tsoro ne ya sa na jefa ta rijiya. To ga ni na zauna zan rubuta da hannuna, ko da yake karatuna na boko ya tsaya ne ranar da na saka wa malaminmu kwaɗo a aljihun riga. Sauran a ajin yaƙi da jahilci na tsinta, da gemuna. In kun ga harafi ya karkace ku tallafe shi, tsoho ne kamar mai shi.

Bindigar toka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda. Baba, Allah ya jiƙansa, maharbi ne na gaske, tun daga fadamun Gazara har dajin da ke bayan Malikanchi babu inda bai taka da ita ba. Sunanta Mai Tari, saboda in ka ja kunama ba ta tashi nan take. Sai ta yi ƙoƙ, ƙoƙ, ta ba zabo damar yin sallama da iyalinsa, sannan ta fashe da ƙarar da za ta sa kajin unguwa su daina ƙwai. Ƙotarta ta taɓa tsagewa, Baba ya naɗe wurin da jar waya, ya ɗaura mata farin wuri, irin kuɗin da, a gindi. Ko cikin bindigogi nawa aka jefa ta, daga nesa zan nuna ta. Ni ban gaji hannun Baba ba, wannan kowa ya sani. Abin da na kashe da ita a rayuwata bai wuce 'yan zabi ba, da randar uwarku, da wani ɓangare na rufin rumbunmu. Amma birai sun san muryarta, ba sa shiga mini rake. Kuma duk wanda ke da mugun nufi a kan shanuna na huɗa ya san akwai wata tsohuwa mai tari a gidan nan, ba ya son jin abin da za ta ce.

Yanzu ku saurara, domin nan ne maganar take. A garinmu, tun kafin a haife ni, ba a shiga kasuwa da bindiga baki buɗe. Mu mutanen bakin daji ne. Ranar kasuwa mutum zai taso daga ƙauyensa ya ratso daji da fadama, dole ya rataya abinsa. Amma da ka iso rafin da ke gabas da gari, sai ka tsaya ka cire hular wuta, wadda kunama ke sara ta kunna albarushi, ka ɗauki totuwar masara ka toshe bakin bindigar. Akwai tulin totuwa a gindin wata tsamiya a wurin, ba wanda aka naɗa ya riƙa zubawa, kowa ya ci masara ya san inda zai kai. Duk wanda ya hango ka da totuwa a bakin bindiga ya san da lafiya ka zo. Daga nan ba ka tsayawa ko'ina sai rumfar Sarkin Maƙera Mudi, a bakin kasuwa. Ya kafa turaka a jikin bango, nan za ka rataye ta, ka shiga ka yi cinikinka, ka yi faɗanka in faɗa ya kama, ka zagi wanda za ka zaga da fatar baki. In la'asar ta yi ka dawo ka ɗauki abinka. Ba takarda, ba lamba. Sarkin Maƙera ya san kowace bindiga da fuskar mai ita, rabinsu ma shi ya ƙera ko ubansa. Fulanin da ke rugagen kewayenmu su ma nan suke ajiye takubbansu. Na taɓa tambayar Baba dalili, ina yaro, muna tsaye a gindin tsamiyar.

"A daji kai kaɗai ne, sai Allah sai ita," in ji shi. "A kasuwa kuwa akwai mata, akwai yara, akwai wanda ka tsana. Zuciya ba ta da kunama biyu. Toshe ta."

Na riƙe wannan magana fiye da yadda na riƙe karatun allo. Ni da kuke gani, wanda ya taɓa ɗaure wa liman jaki a ƙofar masallacin wani gari, ban taɓa tsallake rafin nan da bindiga baki buɗe ba. Ƙanena Sale, baffanku, shi ne bai yarda ba. Totuwar yana sakawa, amma ba ya kai tasa rumfa. Kafin rafi zai ratse ya tura ta cikin raken wani, ya shigo gari yana kaɗa hannu. Na sha yi masa faɗa.

"Yaya," yakan ce, "ni ban iya barin kayana inda kowa ya san suna nan ba."

"Kai dai ba ka da tarbiyya," nakan ce masa. Ku riƙe wannan, za ku ga wanda aka yi wa dariya.

Shekarar da nake ba ku labari, satar shanu ta yi yawa. Ba irin ɓarayin da muka sani ba, masu sanɗa su kwance akuya. Waɗannan a kan babura suke zuwa, da bindigogin da ba sa tari, ba sa jiran ɗuri. Sun kwashe wa wani Bafillace maƙwabcinmu garke guda, sun bar shi da sanda. Sai aka ce hukuma ta tashi tsaye. Aka kafa kwamitin tsaro a yankinmu, aka ɗora wani attajiri a kai, wanda ba zan rubuta sunansa ba don jikokinsa suna aji ɗaya da ku. Shugaba muke ce masa. Muka yi murna, har ni na je na yi masa Allah ya taya riƙo. Ya zagaya kasuwa, ya tsaya a rumfar Sarkin Maƙera yana kallon turakan nan, ya ce kai, wannan tsari ya burge shi, ya kamata a kai labarinsa sama. Sarkin Maƙera har da gyara hula. Ashe labarin ya kai.

Wata ranar kasuwa, bayan an gama girbin masara, kasuwa ta cika maƙil. Ina wajen masu mazarƙwaila ina yi wa wani mutumin Kudan tsiya a kan tasa ta fi kama da ƙasa, sai na ji an ce motoci. Manya biyu, cike da masu kaki da aka turo daga sama. Ba su tambayi kowa hanya ba. Ba su nufi daji inda aka ce ɓarayi na kwana ba. Kai tsaye rumfar Sarkin Maƙera suka nufa, kamar masu zuwa ɗaukar amarya. Kafin in kutsa in isa, sun fara sauke bindigogi daga turaka suna watsawa a bayan mota, kowace da totuwarta a baki. Sarkin Maƙera ya tsaya a ƙofa ya ware hannuwa, tsoho mai furfura.

"Ranka ya daɗe, amana ce," yake cewa. "Ba tawa ba ce ko ɗaya. Amanar mutane ce."

Babbansu ya ture shi gefe da kafaɗa. Ni kuwa na hango Mai Tari a hannun wani, ya riƙe ta ta baki kamar muciya.

"Yallaɓai, wannan tawa ce," na ce. "Ta ubana ce."

"Ina lasisinka?"

"Ga shi nan kun ture shi," na ce, na nuna Sarkin Maƙera.

Mutane suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce an hana riƙe makami ba izini, umarni ne daga sama, saboda tsaro. Na ce to ai ba a riƙe take ba, a rataye take, bakinta ma a toshe, ka duba. Ya duba, ya ga totuwa, ya nuna wa na kusa da shi, suka bushe da dariya. Shugaba yana tsaye a inuwar mota yana duba waya. Na kira shi, ya ɗago ya ce in kwantar da hankalina, tantancewa kawai za a yi a dawo mana da su. A ranar har jarida aka ce an kira a can birni, aka shimfiɗa bindigoginmu a ƙasa aka ɗauki hoto, wai makaman da aka ƙwato. Aka ƙwato! Daga hannun wa? Daga jikin turaku! Ɓarawo bai taɓa zuwa ya rataye bindigarsa a rumfar maƙeri ba. Mu da muka bi doka mu ne muka tara musu kayanmu wuri guda, muka toshe musu baki don kada su sha wahala, saura kaɗan mu ɗora musu a mota. Wallahi har yau in na tuna sai in ji abinci ya fita raina.

Da yamma na koma gida da kuben fata a kafaɗa, wanda Baba ya ɗinka mata saboda ruwan sama, ba komai a ciki. A rafi na tarar da Sale yana fitowa daga cikin rake da tasa, yana kakkaɓe mata ganye. Ya dubi kuben, ya biyo bayana. Da ya yi magana ma da ya fi mini sauƙi. Sai da muka kusa gida ya yi gyaran murya.

"Yaya, mai tarbiyya, in rako ka ne? Hanyar ba kyau."

Na ɗaga kuben zan maka masa, ya ruga yana dariya, mutum da 'ya'ya bakwai. Uwarku Hanne tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi kuben ya lanƙwashe, ta dube ni.

"Malam, ina Mai Tari?"

"Ta tafi tantancewa."

"Allah ya sa ta ci jarrabawa," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗenta. Amma da ta zo kawo mini tuwo na ga idonta ya yi ja. Ta san abin da ke ɗaure a turke a bayan gida: bijimai biyu na huɗa, Fari da Goje, waɗanda da su muke noma abin da muke ci, da su nake yi wa mutane huɗa in samu na cefane.

Labari ya bazu ko'ina cewa an kwashe bindigogin garinmu. In mu mun ji, ɓarayi ma suna da kunne. Sai wata dabara ta zo mini, irin dabarun da suka hana ni zama mutumin kirki. Na sari sandar rake mai kauri, miƙaƙƙiya, na zura a cikin kuben nan, na ɗaure bakin. In na rataya, daga nesa ba ka ce ba Mai Tari ba ce. Na fara fita gona da ita, ina tafiya ina buɗa kafaɗa, ina gaya wa duk wanda na gamu da shi cewa an dawo mini da tawa saboda an san ko ni wane ne. In raken ya fara bushewa in shanye shi in sari sabo. Hanne ta ce mini:

"Yanzu kai da girmanka, Malam? In suka zo fa?"

"Ba za su zo ba. Abin da ido ya hango shi ke hana su."

"To Allah ya sa makafi ne daga kusa."

Sun zo. Da hantsi ne, rana ta fito sarai, ba wani ɓoye-ɓoye. Ina fadama ina gyaran wurin da zan dasa sabon rake, shanun na ɗaure da garma, sai na ji babura. Suka tsaya a bakin gona, fuskokinsu a naɗe da rawani, kowa da baƙar bindiga a ƙirji. Ni kuwa na ja da baya, na sauke kuben daga kafaɗa, na durƙusa a gwiwa ɗaya yadda Baba yake yi, na auna su. Na daka tsawa na ce duk wanda ya ƙara taku ɗaya uwarsa ta yi asara. Ku sani, sun tsaya. Wannan ba a faɗa muku a gari, amma sun tsaya. Na ga ɗaya har ya ɓuya a bayan ɗan'uwansa. Da Mai Tari ce a ciki, ko sama na harba, mutanen da ke gonakin kusa za su ji su taho, haka muke yi tun da. Amma rake ba ya ƙara. Muka yi ta kallon juna, gwiwata ta fara ciwo, ƙudan zuma kuma suka fara zagaya bakin kuben saboda zaƙi. Babbansu ya lura. Ya tako a hankali har gabana, ya kama bakin kuben ya fizge, ya kwance, ya zaro raken. Ya juya shi, ya nuna wa sauran. Sannan ya sauke rawaninsa daga baki, ya ɓare da haƙori, ya tsaya a kaina yana sha yana tofar da ɓawon a ƙafata, su kuma suna kwance mini shanu.

"Baba, rakenka da zaƙi," in ji shi. "Ka ƙara shukawa."

Ba su taɓa ni ba. Da sun mare ni ma da na samu abin nunawa. Goje ya yi ta waiwaye yana kuka har suka sha kwana. Wani mai yankan ciyawa da ya laɓe a cikin kwari ya ga komai, kafin azahar babu gidan da ba a ji ba, daga nan har Ikara. Ga asalin Na-Rake. Ku yi dariya, ni ma in na tuna ƙudan zuman nan nakan yi. Amma in kun gama, ku tambayi kanku wane ne ya tura tsoho gaban bindiga da sandar rake.

Na fara sintiri gidan Shugaba. Yau a ce ya tafi Kaduna, gobe a ce yana barci, jibi a ce yana ganawa. Ranar da na same shi yana zaune a kan kujera mai laushi, aka ba ni tabarma. Ya yi mini jaje, har da cewa abin ya taɓa shi ƙwarai. Na ce na gode, shanu sun tafi, a ba ni bindigata in tsare abin da ya rage, 'yan awaki da mutuncina. Ya sallami mutanen da ke wurin, ya matso.

"Malam Iro, ai kai namu ne. Taka ba za ta gagara ba. Amma ka taimake ni in taimake ka. Na sama sun ce abin da aka samu ya yi kaɗan. An ce akwai masu ɓoye nasu a cikin rake kafin su shigo gari. Kai ka san kowa. Ranar kasuwa ka zaga da yarana ka nuna musu wuraren, da yamma ka tafi gida da bindigarka."

"Alhaji, wato waɗanda suka fi ni wayo su ma a mai da su irina?"

"Doka ce, Malam Iro."

"Waɗanda suka kore mini shanu fa, ita dokar ba ta san hanyar wurinsu ba? In raka ta. Na ga inda suka bi."

Ya ce wannan aikin manya ne, in je in yi tunani. Na taso. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi tunanin. Na san kowane lungu da ake tura bindiga a bakin rafin nan, tun ina yi wa masu yi faɗa. Kuma ina son Mai Tari yadda ban iya faɗa ba. Ita kaɗai ce abin da Baba ya bari wanda hannunsa ya lashe har ya yi santsi. Na gaya wa Hanne da Sale a zaure. Sale, wanda bai taɓa barin magana ta wuce ba tare da ya yi tsiya ba, ranar ya ajiye wasa. Ya ce:

"Yaya, nuna musu tawa. Tawa ta jiya ce, a kasuwa na saya. Su ba ka ta Baba."

"Ba ɗaya suke so ba, duka suke so."

"To ka ce tawa kaɗai ka sani."

Hanne ta ajiye kwanon da ke hannunta.

"Sale, kai ma ka fara haukan yayanka? Yanzu a duk layin nan taka ce kaɗai ke iya ƙara. In aka ɗauke ta, ranar da suka dawo da me za a kira mutane, da rake?" Ta juyo kaina. "Malam, ni ban san doka ba. Amma in ka zaga da su rafin nan, ko ka dawo da Mai Tari ba a ɗakina za ka rataye ta ba."

Ban koma gidan Shugaba ba. Na aika masa cewa idona ya yi rauni, ban iya gane wuri a cikin rake. Wannan shi ne abin da na zaɓa, kuma na san abin da na bayar. Damina ta zo, na yi noma da fartanya kamar sabon magidanci, bayana ya kama ciwon da har yau kuke shafa mini magani. Gonar tudu ma rabi na iya nomawa.

A cikin wannan hali Kabiru, babban yayanku, ya zo hutu daga Zariya inda yake karatun shari'a. Na ce madalla, ga wanda zai ƙwato mini haƙƙina. Na zaunar da shi na ce ya buɗe mini kundin tsarin mulkin nan da ake ta faɗa a rediyo, ya nuna mini inda aka ce a kwashe bindigar mutum a rataye.

"Baba, a namu an ce kana da 'yancin rayuwa, kuma ba a ƙwace maka dukiya sai bisa ƙa'ida. Amma ba a ce kana da 'yancin riƙe bindiga ba. Wannan sai da izinin hukuma."

"To rayuwar da suka ba ni, da me zan tsare ta?"

"Hukuma ce za ta tsare maka."

"Tana ina ranar da ake shan rake a kaina?"

Ya juya shafin littafin. Don ya faranta mini, sai ya ce akwai ƙasar da aka rubuta 'yancin riƙe makami a cikin kundinta, Amurka, har yau suna ta gardama a kai. Kuma ko a can, a zamanin da, a wasu garuruwansu na bakin daji inda makiyaya ke koro shanu, in mutum ya shigo gari dole ya ajiye bindigarsa wurin da aka tanada.

"Ka ga, a wurinmu suka gani," na ce. "Da totuwa?"

"Ban ji an ce da totuwa ba, Baba."

"Ba su gama koyo ba. To in mutum ya tashi fita gari fa?"

"Sai a mayar masa da abinsa."

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na ce to rufe littafin, na gama karatu. Ku fahimce ni, domin an sha juya mini magana. Ni ban taɓa cewa a bar kowa ya yi yawo da bindiga a cikin mutane ba. Ni ne na fi kowa tsayawa a kan a ajiye. Amma ajiya tana da ƙafa biyu: ka miƙa, a mayar maka. Ranar da aka sare ɗaya, ba bindigogi kaɗai aka kwashe ba. Ku je kasuwarmu yau ku duba. Wa ke tsayawa a rafi? Tsamiyar tana nan, ba totuwa ko ɗaya a gindinta. Mutane sun sake yin bindigogi, gajeru, a ƙarƙashin riga, a ɗure, a tsakiyar mata masu sayar da daddawa. Yanzu in gardama ta tashi a wajen masu awo kowa sai ya riƙa kallon hannun ɗan'uwansa. Wai an kawo tsaro ke nan. Sarkin Maƙera Mudi kuwa bai ƙara ɗaga kai ya dubi mutum a ido ba. Duk wanda ya wuce sai ya ce masa ka yafe mini amanarka. Mun ce masa ba laifinsa ba ne har mun gaji. Turakan suna nan a bango har ya rasu, ya hana a cire.

Na sake ganin Mai Tari sau ɗaya. Lokacin neman ƙuri'a ne, Shugaba ya fito takara, ya shigo kasuwa da makaɗa da 'yan rakiya. An ɗinka wa wasu ƙarti riguna iri ɗaya, wai 'yan tsaron kwamiti, an raba musu bindigogin toka. Ina zaune a kan benci wajen mai gasa masara, ina ci da sauran haƙorana, sai na ga jar waya tana walƙiya a rana. Wurin da Baba ya ɗaura yana nan yana lilo. Wani ƙato ne ya riƙe ta, yana tafe a bayan Shugaba, yatsansa a kan kunama, bakinta a buɗe yana kallon cikin mutane, a daidai wurin da aka ce ni ban isa in rataye ta ba.

Ban yi gaggawa ba. Na cinye masarata tas, har ƙwayar ƙarshe. Na tashi, na kutsa cikin taron, mutane suna cewa Na-Rake ina za ka, na tsaya a gaban ƙaton nan har bakin bindigar ya taɓa mini ƙirji. Kiɗa ya tsaya. Na kama ta a inda hannun Baba ya lashe, na ɗaga bakinta sama, na cusa totuwar, na murɗa sai da ta zauna daram.

"Cire yatsanka daga nan," na ce masa. "Tana tari kafin ta tashi, za ka zaci ta ƙi, ka juyo da ita ka leƙa. Kuma a garin nan ba ta taɓa shiga kasuwa baki buɗe ba. Ba za ta fara a hannunka ba."

Ya dubi Shugaba. Shugaba ya dubi kasuwa, ya ga duk tsofaffin da aka kwashe wa bindigogi sun miƙe tsaye, ga kuma zaɓe a gaba. Sai ya yi wata dariya ta dole, ya ce Malam Iro ba ya rabo da barkwanci, a ci gaba da kiɗa. Ƙaton ya sauke yatsansa. Ba su ba ni ita ba, kada wani ya ƙara muku gishiri. Na bi su da ido har suka ƙare zagayen, suka wuce rumfar Sarkin Maƙera, suka hau mota. Bai cire totuwar ba.

Hajara, ke da ragowar, daga yau kada wanda ya ƙara yaga tufafinsa a kan sunan nan. In an ce jikokin Na-Rake, ku amsa. Ku ce shi ne. Sannan ku tambayi mai kiran ko ya san inda bindigar take, da wanda ya ɗauke ta, da kuma abin da ke bakinta ranar da aka ɗauka.